Tsofaffin Rohingya da nisan da ke tsakanin bukka da asibiti a lokacin korona

A ranar 31 ga Mayu, 2020, wani dattijo mai shekara 71 ya rasu a wata cibiyar killace marasa lafiya da ke sansanonin 'yan gudun hijirar Rohingya, wata ƙabilar Musulmi daga jihar Rakhine ta Myanmar, a gundumar Cox's Bazar ta ƙasar Bangladesh, kuma shi ne mutum na farko da aka tabbatar cewa cutar korona ce ta yi ajalinsa a waɗannan sansanoni. Labarin ya fito a taƙaice cikin dubban labaran mace-macen da suka cika duniya a watannin nan, amma ni shekarun nan 71 ne suka tsaya mini a rai, har na zauna ina lissafi. Duk wanda ya cika shekara 71 a 2020, an haife shi ne wajen 1949, shekara guda bayan Burma, wadda yanzu ake kira Myanmar, ta samu 'yancin kai daga Birtaniya. Yana gab da cika shekara 30 a 1978, lokacin da farmakin sojoji ya sa kimanin mutum 200,000 suka tsallaka kogin Naf zuwa Bangladesh. Yana ɗan shekara 33 a 1982, lokacin da aka kafa dokar zama ɗan ƙasa wadda ta bar Rohingya ba su da ƙasar da za su kira tasu. Ya haura 40 a gudun hijirar 1991 zuwa 1992, wadda ta kwashi kimanin mutum 250,000, kuma yana da shekara 68 a watan Agustan 2017, lokacin da sama da mutum 700,000 suka tsere daga jihar Rakhine, yawancinsu cikin 'yan makonni. Tsararsa ke nan: mutanen da da yawa daga cikinsu sun yi gudun hijira fiye da sau ɗaya, kuma a karo na ƙarshe wasunsu a bayan 'ya'yansu suka zo, wasu kuma a cikin kwanduna da aka rataya a sandar gora.

Waɗannan mutane ne annobar ta fi yi wa barazana, domin tun a watannin farko likitoci sun gane cewa korona ta fi kashe masu yawan shekaru da masu ciwon da ya daɗe a jiki. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa akwai sama da mutum 31,500 masu shekara 60 zuwa sama a sansanonin, cikin jama'ar da ta kai kimanin 860,000 a wancan lokaci, wadda fiye da rabinta yara ne. Ƙarancin nan nasu shi ne farkon matsalarsu. A wurin da yara da mata masu juna biyu suka yi rinjaye, hankalin masu ba da agaji yakan karkata ga rigakafin ƙananan yara, da haihuwa, da tamowa, kuma babu mai hankalin da zai ce wannan kuskure ne. Sai dai tsarin da aka gina a kan haka yakan ɗauka cewa kowane majiyyaci yana iya tashi da ƙafarsa, ya taka zuwa asibiti, ya tsaya a layi, ya ji abin da aka faɗa masa, ya koma gida. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne cewa tsoho ko tsohuwa a sansanin Kutupalong sukan kasa ɗaya ko biyu, wani lokaci ma duka, daga cikin waɗannan abubuwa, kuma korona ta zo ta tarar da su a haka.

Sai mutum ya fahimci yanayin wurin kafin ya gane nauyin maganar. Sansanonin, waɗanda suka kai 34 a lokacin, suna yankunan Ukhiya da Teknaf ne, kuma mafi girmansu, wato Kutupalong da kewayensa, shi ne sansanin 'yan gudun hijira mafi girma a duniya. An kafa su ne cikin gaggawa a kan tuddai da a da daji ne, aka sare itatuwa, aka sassaƙe gangare, aka jera bukkokin gora da tamfol kafaɗa da kafaɗa. Cunkoson ya kai wajen mutum 40,000 a kowace murabba'in kilomita, a wasu sassan ma ya fi haka nesa. Hanyar da ke tsakanin bukkoki siririya ce, kuma sau da yawa matakala ce ta ƙasa da buhunan yashi wadda ke hawa da sauka. Idan damina ta kankama daga watan Yuni, matakalar takan zama taɓo mai santsi, wani wuri ma ƙasa ta zaftare. Matashi zai iya sauka daga saman tudu ya isa ƙaramin asibitin unguwarsu cikin ɗan lokaci. Dattijuwar da gwiwoyinta suka gaji, ko dattijon da yanar ido ta rufe masa gani, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, wannan tafiyar a wurinsa sai an nemo maza biyu da za su ɗauke shi, sai an sami ranar da ba a ruwa, sai kuma an sami wanda zai bar layin karɓar abinci ya raka shi. A takarda asibitin yana kusa, kuma kyauta ne. A ƙafafun wannan tsoho kuwa yana da nisan gaske.

Haka lamarin yake game da makewayi da ruwa. An yi ta sanar da mutane cewa su riƙa wanke hannu da sabulu a kai a kai, su kuma ba da tazara tsakaninsu, alhali gidaje da yawa ne ke amfani da makewayi guda da famfo guda, kuma iyali mai mutum biyar ko shida na kwana a ɗaki ɗaya ko biyu da labule ya raba. Tun kafin annobar, ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a 2019 game da halin da tsofaffin da rikicin Myanmar ya raba da gidajensu suke ciki, inda ta nuna cewa da yawa daga cikin tsofaffin Rohingya ba sa iya kaiwa ga makewayi saboda gangare da nisa, har sai dai su yi amfani da tukunya a cikin bukka. Wanda ya kai wannan hali, jikokinsa ne ke ɗebo masa ruwa, su ne ke zuwa kasuwa da wurin rabon kaya, su ne kuma ke dawowa su kwanta kusa da shi. Shawarar da aka bai wa duniya ta cewa a keɓe tsofaffi domin a kare su ba ta da wurin zama a irin wannan ɗaki.

Akwai kuma ciwon da suka zo da shi. Hawan jini, ciwon suga, ciwon huhu mai daɗewa da ciwon gaɓoɓi cututtuka ne da ba a warkar da su da zuwa asibiti sau ɗaya. Suna buƙatar magani kullum, da awo lokaci zuwa lokaci, da ma'aikacin da ya san majiyyacin. Tsarin lafiyar gaggawa kuwa ya fi ƙwarewa a kan gudawa da ƙyanda da mashaƙo, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2017 lokacin da mashaƙo ya ɓarke a sansanonin aka taru aka shawo kansa. Koke-koken da tsofaffi suka yi ta yi, kamar yadda masu bincike suka ruwaito, shi ne cewa sukan sha wahalar zuwa su daɗe a layi, a ƙarshe a ba su maganin zazzaɓi da ciwon jiki, ko a ce maganin nasu ya ƙare, su gwada wani asibitin. Wasu sai su sayar da wani ɓangare na abincin da aka raba musu su sayi magani a shagunan kasuwa, inda babu mai tabbatar da ingancinsa. Mai ciwon suga da ya rage cin abinci domin ya sayi maganin suga, ya shiga wani haɗarin ne yana ƙoƙarin fita daga wani.

A kan wannan hali ne dokar kulle ta sauka. Bangladesh ta tabbatar da masu korona na farko a ranar 8 ga Maris, 2020, kwana uku kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. A watan Afrilu hukumomi suka rufe gundumar Cox's Bazar, suka taƙaita aikin agaji a sansanonin zuwa abin da aka kira ayyuka na dole, kuma adadin ma'aikatan da ke shiga kullum ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Ina ganin manufar matakin tana da hujja, domin ma'aikatan da ke shige da fice su ne hanya mafi sauƙi da cutar za ta bi ta shiga, kuma ba a sami wanda ya kamu a cikin sansanonin ba sai ranar 14 ga Mayu. Amma wajibi ne a tambayi abin da aka lissafa a matsayin na dole da abin da aka bari. Rabon abinci da asibitoci da ruwa sun ci gaba. Abubuwan da suka ja baya su ne irin ziyarar gida gida, da gyaran matakala da bukka, da wuraren da tsofaffi ke taruwa a duba su, da aikin masu bibiyar waɗanda ke zaune su kaɗai. Wato ƙananan ayyukan da ke haɗa tsoho da asibiti su ne suka fara raunana, a daidai lokacin da ake cewa shi ne ake son a kare.

Abin da ya fi ɓata mini rai a dukan labarin shi ne maganar intanet. Tun watan Satumban 2019 gwamnatin Bangladesh ta sa kamfanonin waya suka rage ƙarfin intanet a yankin sansanonin, aka kuma hana sayar wa Rohingya layukan waya, bisa dalilan tsaro, kuma ba a sassauta ba sai ƙarshen Agustan 2020. Ma'ana, watannin farko na annobar, lokacin da kowa a duniya ke neman sanin alamomin cutar da hanyoyin kariya, kusan mutum miliyan guda sun yi su ne a cikin duhu. Tsoho ba ya buƙatar ya iya latsa waya kafin wannan ya shafe shi, domin jikansa ne zai ji labari ya faɗa masa, ma'aikacin sa kai na unguwarsu ne zai kira asibiti idan numfashinsa ya sarƙe da tsakar dare. Da Amnesty International ta tattauna da wasu tsofaffi a ƙarshen Maris na 2020, ta tarar cewa yawancinsu sun ji sunan cutar da cewa tana kisa, amma kaɗan ne suka sami cikakken bayani a kan alamominta ko abin da ya kamata su yi. Sanarwar da ake yi da lasifika a kan manyan hanyoyi ba ta hawa tudu ta shiga kunnen wanda jinsa ya yi rauni. Takardun da ake mannawa kuma ba su da amfani ga mafi yawansu, domin harshen Rohingya harshe ne da aka fi magana da shi fiye da rubutawa, kuma tsararsu ba ta sami makaranta sosai a Rakhine ba. Ko a asibiti ma, ana yawan dogara da harshen yankin Chittagong, wanda ya yi kama da na Rohingya amma ba ɗaya suke ba, kuma a maganar ciwo da magani ƙaramin saɓani na iya zama babba.

Inda babu labari ingantacce, jita-jita ce ke cike gurbin. An yi ta yaɗa cewa duk wanda aka samu da cutar za a ɗauke shi ba zai dawo ba, wasu ma suka ce kashe shi za a yi. Mai karatu daga nesa zai iya ganin wannan a matsayin jahilci, amma ni ban ga haka ba. Waɗannan mutane ne da suka shafe shekaru a Rakhine suna neman takardar izini kafin su bar ƙauyensu zuwa asibiti, suna biyan cin hanci a shingayen bincike, kuma sun ga yadda hukuma ke kama mutum ya ɓace. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya ja da baya. Sannan a watan Mayun 2020 hukumomin Bangladesh sun kai kimanin Rohingya 300 da aka ceto a teku zuwa tsibirin Bhasan Char, aka ce domin killace su ne saboda korona, kuma ba a maido da su wurin danginsu a sansanonin ba. Daga nan kalmar killacewa ta sami wata ma'ana a kunnen mutane. Sakamakon shi ne masu zazzaɓi da tari suka riƙa ɓoyewa, gwaji ya yi ƙaranci, zuwa asibiti ya ragu ƙwarai, kuma tsohon da ya fi kowa buƙatar a gano ciwonsa da wuri ya zaɓi ya kwanta a bukka kusa da iyalinsa. A wurin mutumin da ya rasa gida da gona da ƙasa, tsoron mutuwa nesa da 'ya'yansa, ba tare da an yi masa wanka da sallar jana'iza yadda addininsa ya tanada ba, tsoro ne mai nauyi fiye da tsoron cutar.

Tsofaffin mata sun fi shan wannan wahala. Da yawansu zawarawa ne, wasu suna riƙe da jikoki marayu, kuma al'adar kulle da kunya na sa ya yi musu wuya su fita su kaɗai ko su bayyana ciwonsu ga ma'aikaci namiji. Labarin da maza ke ji a masallaci ko a shagon shayi sai ya bi ta bakin wani kafin ya iso gare su, idan ma ya iso.

Zai zama rashin adalci a ce ba a yi komai ba. Cikin 'yan watanni hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyi irin su likitocin sa kai na MSF suka kafa cibiyoyin killacewa da jinyar masu matsanancin ciwon numfashi, da gadaje da iskar oksijin, waɗanda 'yan gudun hijira da mutanen gari suka yi amfani da su tare. A watan Yunin 2020 aka buɗe sashen kulawa ta musamman na farko a babban asibitin gundumar Cox's Bazar, wanda a da babu shi duk da miliyoyin mutanen da ke yankin. Ƙungiyar HelpAge International, wadda tun kafin annobar take da cibiyoyi na musamman domin tsofaffi, ta ci gaba da ƙoƙarin kai musu hidima. Amma a ganina abin da ya fi tasiri shi ne aikin ma'aikatan lafiya na sa kai daga cikin Rohingya kansu, maza da mata, waɗanda suka riƙa bin bukka bukka suna magana da mutane da harshensu, tare da limamai da shugabannin unguwanni da ake kira majhi. Su ne suka iya zama a gaban tsohuwa su ce mata wane ya je cibiyar jinya kuma ga shi ya dawo gida lafiya. Gado da oksijin suna jiran majiyyaci ne a inda aka ajiye su, waɗannan matasa kuwa su ne suke hawa tudun.

Gaskiya ne cewa bala'in da aka yi hasashe bai auku da girman da aka ji tsoro ba, kuma adadin waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a sansanonin bai yi yawa ba idan aka kwatanta da yawan jama'ar. Yawan yara da matasa ya taimaka. Sai dai ina taka-tsantsan da wannan adadi, domin ƙidaya tana kama wanda aka gwada ne kawai, kuma tsohon da ya rasu a bukka bayan mako guda yana tari, iyalinsa suka yi shiru saboda tsoro, ba ya shiga lissafi. Haka nan wanda hawan jini ya kayar saboda ya yi wata biyu bai sami maganinsa ba, ba za a rubuta shi cikin waɗanda annoba ta kashe ba, ko da yake annobar ce ta yanke masa hanyar magani.

A ranar 22 ga Maris, 2021, ana tsakiyar annobar, gobara ta tashi a sansanonin Balukhali, ta cinye dubban bukkoki da wasu cibiyoyin lafiya, ta bar kimanin mutum 45,000 ba matsuguni. Shaidu sun ce shingen waya mai ƙaya da aka kewaye sansanonin da shi ya hana wasu tserewa da sauri, kuma ba sai an faɗa ba, yara ƙanana da tsofaffi ne ke zama a baya idan ana gudu. Na kawo wannan ne domin shingen da dokar hana fita suna cikin maganar lafiya: majiyyacin da ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin sansani sai da takardar izini yake fita zuwa babban asibiti. Bangladesh ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, kuma a hukumance tana kiran waɗanda suka zo a 2017 'yan Myanmar da aka kora da ƙarfi. Ƙasa ce mai cunkoso da ƙarancin arziki wadda ta buɗe iyakarta lokacin da wasu suka juya jiragen ruwa suka mayar da su teku, kuma ta cancanci yabo a kan haka. Wannan yabo bai hana a ce rufe intanet da kafa shinge sun cutar da marasa ƙarfi ba. Asalin laifin kuma yana kan sojojin Myanmar da suka kore su, waɗanda Gambiya ta kai ƙarar ƙasarsu Kotun Duniya a watan Nuwamban 2019, kuma waɗanda juyin mulkinsu na Fabrairun 2021 ya ƙara nesanta ranar komawa gida.

A ranar 10 ga Agusta, 2021, aka fara yi wa 'yan gudun hijirar allurar rigakafin korona, kuma aka fara da masu shekara 55 zuwa sama, kimanin mutum 48,000. Wannan karon tsofaffi ne a sahun gaba. An yi amfani da rajistar da ake da ita aka san su waye kuma a wace unguwa suke, ma'aikatan sa kai suka bi su gida suka yi musu bayani tun kafin ranar, kuma mafi yawansu sun fito sun karɓa, su da shekara guda kafin nan suke ɓoye tari saboda tsoron asibiti. Rajistar da aka nemo su da ita domin allura, da matasan da suka san ƙofar kowace bukka, su ne dai abin da ake buƙata domin a kai wa mai hawan jini maganinsa na wata, a auna sugan dattijuwar da ba ta iya sauka daga tudu, a kuma lura da wanda ya kwana biyu bai fito ba. Tallafin ƙasashen duniya kuwa ja da baya ya riƙa yi bayan annobar, har a 2023 Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta rage kuɗin abincin kowane mutum daga dala 12 a wata zuwa 10, sannan zuwa 8, kafin daga baya a maido da shi. A cikin wannan abincin ne tsohon da asibiti bai ba shi maganinsa ba yake ɗiba ya sayar ya saya a kasuwa.